Yadda ake haɗa takardar koke a Abuja kan kare fararen hular Falasɗinu

Duk lokacin da wuta ta sake tashi a Gaza, ƙungiyoyi a Abuja kan zauna su rubuta takarda: na matasa, na mata, na masallatan Juma'a, na majami'u, na ɗalibai. Niyyar mai kyau ce, kuma ɗacin da ke cikin zukata na gaske ne. Sai dai da yawa daga cikin takardun nan ba sa wuce teburin magatakarda, saboda suna kira ga "duniya" ta tashi tsaye. Duniya kuwa ba ta da ofis, ba ta da mai sa hannu. Ƙasa ce ke da ofis, kuma kowace ƙasa ta ɗauki alkawari a rubuce kan fararen hula a lokacin yaƙi, har da Najeriya. Aikin mai koke shi ne ya nemo alkawarin, ya nemo wanda nauyinsa ke kansa, ya ce ga abin da muke so a yi, ga kuma ranar da za mu dawo jin amsa.

Alkawuran da ake bin ƙasashe bashinsu

Ginshiƙi na farko shi ne Yarjejeniyoyin Jeneba guda huɗu na 12 ga Agusta, 1949. Ta huɗun ce ta shafi fararen hula da yankunan da ke ƙarƙashin mamaya. Dukkansu sun buɗe da sashe na 1 iri ɗaya, wanda ya ce ƙasashe za su mutunta yarjejeniyar, su kuma tabbatar an mutunta ta, a kowane hali. Wannan rabin jimla na biyu shi ne ƙofar da ƙasar da ba ta cikin yaƙin ke shigowa. A ra'ayin da Kotun Duniya ta bayar ranar 9 ga Yuli, 2004 kan katangar da Isra'ila ke ginawa a Gaɓar Yamma, ta ce duk ƙasar da ke cikin yarjejeniya ta huɗu wajibi ne ta tabbatar Isra'ila ta bi ta. Najeriya na ciki, Isra'ila na ciki, Falasɗinu ta shiga a 2014. In takardarku za ta ɗauki hujja ɗaya tak, wannan ce za ta ɗauka.

Kada ku ambaci yarjejeniyar a dunƙule, ku kama sashe. Na 33 ya hana azabtar da jama'a baki ɗaya kan laifin wasu. Na 49 ya hana kwashe mutane da ƙarfi daga yankinsu, ya kuma hana mai mamaya zaunar da mutanensa a ƙasar da ya mamaye. Na 55 ya ɗora wa mai mamaya nauyin abinci da magani, na 59 ya tilasta masa amincewa da shigar agaji idan jama'a na cikin rashi, na 18 ya kare asibitoci, na 34 ya hana garkuwa da mutane. Sashe na 146 da na 147 kuwa su ne suka ce kowace ƙasa ta nemo masu aikata manyan laifukan keta yarjejeniyar ta gurfanar da su, ko 'yan wace ƙasa ne.

Akwai tarko a nan. Ƙa'idojin da aka fi ji, wato bambance mayaƙi da farar hula, hana harin da ɓarnarsa ga fararen hula ta wuce amfanin sojan da ake tsammani, ɗaukar matakan kariya kafin kai hari, da hana amfani da yunwa a matsayin makami, an rubuta su ne a Ƙarin Yarjejeniya ta Ɗaya ta 1977. Isra'ila ba ta shiga wannan ƙarin ba, Amurka ma ba ta tabbatar da shi ba. In kun rubuta cewa Isra'ila ta karya sashe na 54 na ƙarin, lauyan ofishin jakadanci zai amsa muku da layi ɗaya. Ku rubuta cewa ƙa'idojin sun zama dokar da al'adar ƙasashe ta tabbatar, wadda ke hawa kan kowa ko bai sa hannu ba. Haka nan za a iya ce muku Isra'ila ta janye daga Gaza tun 2005, don haka babu mamaya. Amsar tana cikin ra'ayin Kotun Duniya na 19 ga Yuli, 2024: nauyin da dokar mamaya ta ɗora wa Isra'ila a Gaza bai faɗi ba, yana nan gwargwadon ikon da take riƙe da shi a kan yankin.

Ginshiƙi na biyu shi ne Yarjejeniyar Hana Kisan Ƙare-dangi ta 1948, wadda Najeriya ta shiga a 2009. Sashenta na farko bai tsaya kan hukuntawa ba, ya ce a hana. A shari'ar Bosniya da Sabiya a 2007, Kotun Duniya ta fayyace cewa wajibin hanawa yana farawa ne daga lokacin da ƙasa ta san akwai babban haɗarin aukuwar laifin, kuma ana auna ta da gwargwadon tasirin da take da shi a kan masu aikatawa. Ma'ana ba a jira sai an gama ƙirga gawa, kuma nauyin da ke kan mai sayar da makamai ya fi na ƙasar da ƙuri'a kawai take da ita, amma ita ma ba ta fita ba.

Sai abin da ake kira nauyin kare al'umma, wanda shugabannin ƙasashe suka amince da shi a taron ƙoli na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2005, a sakin layi na 138 da na 139. Ya shafi laifuka huɗu: kisan ƙare-dangi, laifukan yaƙi, kawar da wata ƙabila daga yankinta, da laifukan cin zarafin bil'adama. Sunansa na da daɗin ji, shi ya sa masu rubutu ke son ɗora shi a kan takarda. Shawararmu ita ce a sa shi a baya. Alkawari ne na siyasa, ba yarjejeniya ba, kuma duk matakin ƙarfi da ya tanada sai ya bi ta Kwamitin Sulhu, inda ake buƙatar ƙuri'a 9 cikin 15 ba tare da ɗaya daga cikin ƙasashe biyar masu kujerar dindindin ta hau kujerar na-ƙi ba. Amurka ta hau ta a kan daftarin tsagaita wuta ranar 8 ga Disamba, 2023, ta sake hawa ranar 20 ga Fabrairu, 2024 a kan wanda Aljeriya ta kawo, kuma ba a nan ta tsaya ba. Wanda ya gina kokensa a kan wannan kaɗai ya ba jami'i hanyar cewa ai lamarin ba a hannunmu yake ba.

Kotuna biyu, kada a haɗa su

Dukkansu a birnin Heg na ƙasar Holan suke, kuma wannan ne ke rikita mutane. Kotun Duniya, ICJ, tana shari'a ne tsakanin ƙasa da ƙasa. Mutum ko ƙungiya ba su iya shigar da ƙara a can. Kotun Hukunta Manyan Laifuka, ICC, mutane take tuhuma, ba ƙasashe ba. Ɗan Najeriya, Chile Eboe-Osuji, ya shugabance ta daga 2018 zuwa 2021.

A ICJ ne Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila ƙara ranar 29 ga Disamba, 2023, bisa zargin kisan ƙare-dangi a Gaza. Kotun ta ba da umarnin wucin gadi sau uku a 2024: ranar 26 ga Janairu, da 28 ga Maris kan shigar agaji, da 24 ga Mayu kan farmakin Rafah. Umarnin nan tilas ne a bi su, amma ba hukuncin ƙarshe ba ne. Wanda ya rubuta cewa kotu ta tabbatar da kisan ƙare-dangi a watan Janairun 2024 ya yi kuskure, kuma kuskure ɗaya irin wannan ya isa a ajiye takardar gaba ɗaya. In kuna son hukumar da ta furta kalmar kai tsaye, kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Navi Pillay ya furta ta a rahotonsa na Satumban 2025, Isra'ila kuma ta ƙi amincewa da shi. Ku rubuta shi a matsayin sakamakon kwamitin bincike, kada ku mai da shi hukuncin kotu.

Ra'ayin 19 ga Yuli, 2024 shi ma yana buƙatar kulawa. Kotun ta ce ci gaba da zaman Isra'ila a yankunan Falasɗinu da ta mamaye ya saɓa doka, kuma sauran ƙasashe kada su amince da halin da aka haifar, kada kuma su taimaka wajen ɗorewarsa. Ra'ayi ne na ba da shawara, ba ya ɗaure ƙasa yadda hukunci ke ɗaure masu ƙara, amma dokokin da ya fassara suna ɗaurewa. Babban Taron Majalisar ya bi bayansa da ƙudiri ranar 18 ga Satumba, 2024, da ƙuri'a 124 na goyon baya, 14 na adawa, 43 suka ƙaurace.

A ɓangaren ICC, Najeriya ta tabbatar da Yarjejeniyar Rum, wadda ta kafa kotun, a 2001, Falasɗinu ta zama mamba a 2015, an buɗe bincike a Maris 2021 lokacin da Fatou Bensouda ke babbar mai gabatar da ƙara. Ranar 21 ga Nuwamba, 2024 alƙalai suka ba da sammacin kama Benjamin Netanyahu da tsohon ministan tsaronsa Yoav Gallant, da kuma Mohammed Deif na Hamas, wanda aka soke nasa bayan tabbatar da mutuwarsa. Sammaci tuhuma ce, ba a yanke wa kowa hukunci ba tukuna. Kotun ba ta da 'yan sanda, ƙasashe mambobi ne ke kamawa, kuma nan ne maganar ta dawo Abuja.

Zaɓar ƙofar da za a ƙwanƙwasa

Wasu kan ce me ƙuri'ar Najeriya za ta canza. Ranar 30 ga Disamba, 2014, an kawo daftarin ƙudiri a Kwamitin Sulhu da ke sa wa'adin kawo ƙarshen mamaya. Ya samu ƙuri'a 8, saura ɗaya ya kai 9 ɗin da za ta tilasta wa Amurka hawa kujerar na-ƙi a bainar jama'a. Najeriya na cikin kwamitin a lokacin, kuma tana cikin biyar ɗin da suka ƙaurace. Ita dai ƙasar nan ce ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta amince da ƙasar Falasɗinu a 1988, ta maido da hulɗar a 1992. Ita ce kuma 'ya'yanta, irin su Maitama Sule da Joseph Garba da Ibrahim Gambari, suka shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar launin fata. Matsayin Abuja yana motsawa, kuma abin da ke motsawa ana iya tura shi.

Ma'aikatar Harkokin Waje, a Gidan Tafawa Balewa da ke tsakiyar birni, ita ce ke ba wakilanmu a New York da Jeneba umarnin yadda za su jefa ƙuri'a. Abin da ake nema a wurinta shi ne ƙuri'a a kan ƙudiri takamaimai, da matsayi a Tarayyar Afirka da Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, da tuntuɓar ƙasashen Afirka uku da ke zaune a Kwamitin Sulhu a kowane lokaci, da gudummawar kuɗi ga UNRWA, hukumar da aka kafa a 1949 don 'yan gudun hijirar Falasɗinu. Ku jingina buƙatar da sashe na 19 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya sa mutunta dokokin ƙasa da ƙasa da yarjejeniyoyi cikin manufofin harkokin wajen Najeriya.

Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya ita ce ƙofar abin da ya shafi kotu. Sashe na 63 na dokar da ta kafa ICJ ya ba kowace ƙasar da ke cikin yarjejeniyar da ake fassarawa damar shiga shari'a ta faɗi fahimtarta, kuma Kolombiya, Libiya, Meziko, Sifaniya, Turkiyya da Ayalan duk sun miƙa takardun shiga ƙarar Afirka ta Kudu ta wannan hanya. Ana iya neman Najeriya ta bi sahu. Ana iya neman ta bayyana a fili cewa za ta aiwatar da sammacin ICC. Sannan akwai dokarmu ta cikin gida ta Yarjejeniyoyin Jeneba ta 1960, wadda ta sa manyan laifukan keta yarjejeniyar suka zama laifi a Najeriya ko a ina aka aikata su. Wannan dokar tana da muhimmanci saboda sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta da ƙarfin doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka.

Majalisar Tarayya ba ta karɓar koke ta taga. Ɗan majalisa ne ke gabatar da shi a zaure, sannan a miƙa wa kwamitin koke-koken jama'a. Don haka ku fara da ɗan majalisar mazaɓar da yawancin masu sa hannun suka fito, ku ba kwamitin harkokin waje na kowane zaure kwafi. Ƙudirin majalisa ba ya tilasta wa ɓangaren zartarwa, amma kwamiti na iya gayyatar minista ya yi bayani, kuma kuɗin gudummawa ta kasafi yake bi.

Ofisoshin jakadanci kuwa kowanne da abin da ya dace da shi. Bisa ƙididdigar SIPRI, cibiyar da ke bin diddigin cinikin makamai a duniya, tsakanin 2019 da 2023 kashi 69 cikin ɗari na manyan makaman da Isra'ila ta shigo da su daga Amurka suka fito, kashi 30 daga Jamus. Jamus da Birtaniya da Holan suna cikin Yarjejeniyar Cinikin Makamai ta 2013, wadda Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da ita. Sashenta na 6 da na 7 sun hana fitar da makami idan an san za a yi laifin yaƙi da shi, ko kuma haɗarin hakan ya rinjaya. Wannan hujja ta taɓa aiki: a Fabrairun 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara a Holan ta umarci a dakatar da aika wa Isra'ila kayan gyaran jirgin yaƙi na F-35, a Satumban shekarar kuma Birtaniya ta dakatar da lasisin fitar da makamai zuwa Isra'ila kusan 30 cikin kusan 350. Amurka ba ta cikin yarjejeniyar, don haka takardar da za a kai mata sai ta tsaya kan sashe na 1 na Jeneba da kuma dokarta ta cikin gida da ake kira dokar Leahy, wadda ta hana tallafa wa rundunar da aka samu sahihin bayani cewa ta tafka keta haƙƙin bil'adama. Takarda ɗaya da aka buga kwafi goma aka raba wa ofisoshi goma ba ta sami kowa ba.

Haɗa takardar kanta

Shafi biyu sun isa, sauran su tafi rataye. Ofisoshin nan da Turanci suke aiki, don haka da Turanci za a miƙa, amma a yi fassarar Hausa cikakkiya a karanta wa masu sa hannu. Bai dace dattijo ya dangwala yatsa a kan abin da bai ji ba.

A sama, takarda mai kan ƙungiya, da kwanan wata, da lambar takarda taku ta kanku. A rubuta wa muƙami, ba suna ba: Mai Girma Minista, ta hannun Babban Sakatare. Minista na iya canzawa, fayil kuwa yana nan. Kan magana ya zama layi ɗaya da ke ɗauke da buƙatar. Sakin layi na farko ya ce su wane ne ku da abin da kuke nema. Na biyu ya kawo abin da ya faru, na uku dokar da ta shafe shi, na huɗu buƙatu, kada su wuce uku, kowacce irin wadda za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. "A tallafa wa Falasɗinawa" ba buƙata ba ce. "Najeriya ta sanar da adadin gudummawarta ga UNRWA kafin a miƙa kasafin baɗi" buƙata ce. A rufe da neman ganawa da wakilai uku zuwa biyar, da wa'adin amsa na kwana 21, da suna da lambar mutum ɗaya da za a tuntuɓa.

Sakin layin abin da ya faru shi ne inda takardu suka fi lalacewa. Kowane adadi ya zo da wanda ya fitar da shi da ranar da ya fitar. Adadin mamata yana canzawa, don haka a ɗauko shi daga rahoton makon da ake rubutu na OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ayyukan agaji, a kuma faɗi cewa asalinsa daga ma'aikatar lafiya ta Gaza ne, tun kafin wani ya faɗa muku. Kalmar yunwa ma tana da ma'auni. Tsarin IPC, wanda hukumomin agaji ke auna matakan yunwa da shi, ba ya ayyana matsananciyar yunwa sai gida ɗaya cikin biyar ya rasa abinci ƙwarai, kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙananan yara sun kamu da tamowa mai tsanani, kuma mutum 2 cikin 10,000 na mutuwa a kullum. Da wannan tsarin aka tabbatar da ita a lardin Gaza ranar 22 ga Agusta, 2025. Don mai karatu ya iya aunawa, ku ba shi abin kwatanci: zirin Gaza murabba'in kilomita 365 ne da mutum sama da miliyan biyu, kafin yaƙin kusan manyan motoci 500 ke shiga a ranar aiki, ma'aunin masu agaji kuma lita 15 na ruwa ne ga mutum a rana.

Kada a ɗauko hoto ko bidiyo daga WhatsApp a rataya. An sha yaɗa hotunan Siriya da na wasu wurare da sunan Gaza, yanzu kuma ga waɗanda kwamfuta ke ƙirƙira. In ba ku san wanda ya ɗauka da inda aka ɗauka da ranar ba, ku bar shi. Hotunan gawarwakin yara ma a bar su, don yaran suna da iyaye kuma suna da mutunci.

Abu na gaba yana da nauyi ga wasu, amma dole a faɗe shi. Dokar da kuke kafa hujja da ita ba ta zaɓar ɓangare. Harin 7 ga Oktoba, 2023, inda aka kashe kusan mutum 1,200 aka yi garkuwa da kusan 250, ya keta ta, kuma harba roka cikin gari ba tare da bambancewa ba ya keta ta. Jimla ɗaya da ta yarda da haka ba ta rage ƙarfin takardarku, tana toshe ƙofar da aka fi bi a kore ta. Laifin wani ɓangare kuma ba ya halatta wa ɗayan azabtar da jama'a, abin da sashe na 33 ya faɗa ke nan. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunarsa ta hana kashe mata da yara da tsofaffi, ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya, ta ce a ƙyale masu ibada a wuraren ibadarsu. A kuma yi magana a kan gwamnati da sojoji, kada a zagi Yahudawa a matsayin al'umma ko addini. Zalunci ne, sannan yana kashe takarda nan take.

Masu sa hannu su fito daga ko'ina. Akwai Kiristoci a Gaza, kuma harabar cocin Saint Porphyrius na cikin wuraren da hari ya faɗa wa a Oktoban 2023. Takardar da limami da fasto da lauya da likita suka sa wa hannu tare ta fi wuyar a ajiye ta gefe a ce maganar ɓangare ɗaya ce. Sa hannu 40 masu cikakken suna da muƙami sun fi 4,000 da rubutun hannu ɗaya ya cike.

Miƙawa da bibiya

A buga kwafi uku. A kai ofishin karɓar wasiƙu na ma'aikatar da safe a ranar aiki, da katin shaida, a tabbatar an buga wa kwafinku hatimi da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Takardar da aka miƙa wa wani babba a wurin ɗaurin aure ko bayan sallar Juma'a ba ta shiga fayil ba, ko da ya karɓa da hannu biyu. Ofisoshin jakadanci galibi sai an nemi izinin zuwa ta imel tukuna, kuma ba a shiga da waya, don haka a tafi da komai a takarda.

Lokaci ma yana da tasiri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Satumba yake buɗewa, to takardar da ta shafi jawabin Najeriya ta isa tun Yuli. Majalisar Kare Haƙƙin Bil'adama a Jeneba tana zama sau uku a shekara, kuma batun Falasɗinu na da gurbi na dindindin a ajandarta. Ranar 29 ga Nuwamba ce ranar nuna goyon baya ga Falasɗinawa ta duniya.

In wa'adi ya cika shiru, a aika tunatarwa mai ɗauke da hoton hatimin farko. In aka sake yin shiru, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011: hukuma na da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7, wanda aka hana kuma yana da kwana 30 ya je kotu. Sai dai sashe na 11 ya ba da damar ɓoye abin da zai iya cutar da harkokin waje ko tsaro. Saboda haka kada ku nemi saƙonnin sirri tsakanin jakadu. Ku nemi abin da ba shi da dalilin ɓoyewa, kamar adadin kuɗin da aka bayar da ranar biya, ko matakin da aka ɗauka kan takardarku mai lamba kaza.

In za a raka takardar da tattaki, sashe na 40 na tsarin mulki ya ba da 'yancin taro, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta yanke a 2007 cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ɗora musu ba da tsaro idan an sanar da su. A rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sandan Abuja kwanaki kafin ranar, da wuri da lokaci da hanya da adadin da ake tsammani, a karɓi hatimi. A sa mai kula ɗaya ga kowane mutum 20, a tantance alluna tun jajibirin ranar, a guji tare hanya da ƙona tuta. An taɓa rasa rayuka a jerin gwano a garin nan, don haka taro a tsaye a wuri guda, kamar Unity Fountain, tare da 'yan wakilai da za su wuce su miƙa takarda, ya fi aminci.

Kusan kullum maganar tara kuɗi kan biyo baya. Kada a tara a asusun mutum ɗaya. Ƙungiya mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, mai shaidar SCUML, wato sashen da ke yaƙi da halatta kuɗin haram, da asusu mai masu sa hannu biyu, ita ce za ta karɓa, ta tura kai tsaye ga hukumar da ke aiki a cikin Gaza, irin su UNRWA, Red Crescent ta Falasɗinu, Red Cross ta duniya, Hukumar Abinci ta Duniya ko UNICEF, ta kuma wallafa rasit. Dokar hana ta'addanci ta 2022 tana da tsauri kan kuɗin da ya ƙetare iyaka ba a san inda ya sauka ba, kuma kyakkyawar niyya ba ta hana a rufe asusu. Tara tufafi da buhunan hatsi kuwa wahala ce kawai, domin duk abin da zai shiga zirin sai ya bi ta mashigun da Isra'ila ke tantancewa, cikin jerin kayan hukumomin da aka riga aka yi wa rajista, kuma kuɗin jigila daga Abuja zai iya fin kuɗin kayan.